Kilomita nawa ne tsakanin Landan da Tokyo a jirgin sama?

Tambaya: Malam, mene ne nisan Landan zuwa Tokyo ta sama? Wani ya ce mini tafiyar awa 12 ce, wani ya ce 14. A taswira kuma na ga hanyar ta lanƙwashe ta nufi arewa maimakon ta miƙe. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun ba su yi maka ƙarya ba. Hanya mafi kusa tsakanin biranen nan biyu kusan kilomita 9,600 ce, kuma wannan ba ya canzawa. Abin da ke canzawa shi ne inda jirgin yake bi.

Game da lanƙwasar da ka gani, laifin taswira ne. Duniya dunƙulalliya ce, ita kuwa taswira a shimfiɗe take, irin wadda wani masanin taswira mai suna Mercator ya zana a 1569, mai kumbura ƙasashen arewa fiye da girmansu. Ka samu ƙwallo, ka ɗiga alama biyu a rabinta na sama, nesa da juna, sannan ka ja zare tsakaninsu ka ɗaure tam. Za ka ga zaren ya haura ta wajen ƙoƙon ƙwallon da kansa, bai zagaya ta kwiɓi ba. Haka hanyar Landan zuwa Tokyo take: ta ratsa arewacin Turai, ta bi ta kan Saberiya a Rasha. Abin da ido ke gani kamar kwana, shi ne miƙaƙƙen layi.

Ta nan jirage ke bi a da, cikin awa 12 ko ƙasa da haka. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Birtaniya, kamfanonin Japan su ma suka daina ratsa ta. Yanzu jirgin da ya tashi daga Landan yakan gangara kudu, ya bi ta Turkiyya da tsakiyar Asiya da Sin. Mai dawowa daga Tokyo kuma sau da yawa gabas yake nufa, ya haura ta Alaska, ya tsallaka ƙanƙarar ƙuryar arewa da tsibirin Girinlan. Dalilin awa 14 ke nan, wani lokaci har da ɗoriya. Wannan ma ba sabon abu ba ne. A zamanin yaƙin cacar baka, jiragen Turai zuwa Japan a birnin Anchorage na Alaska suke yada zango su sha mai.

Akwai kuma iska. A can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, wata iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas, kuma da hunturu takan wuce kilomita 300 a awa a saman Japan. Matuƙa na neman ta tura su ta baya, suna gudun ta tare su ta gaba, ko da hakan zai ƙara musu kilomitoci.

Saboda haka in tikiti za ka saya, dubi awannin da aka rubuta na zuwa daban, na dawowa daban.