Sabon injin yankan itace: tanki uku na farko

Da muka sauke kwalin sabon injin a shago, ka ce min: "Maigida, in bar shi ya yi ta gurnani shi kaɗai wuni guda kamar yadda ake yi wa sabon babur rodaji? Kuma in ƙara masa mai a fetur tunda sabo ne?" Lokacin ina tsakiyar ciniki. To zauna ɗana, ka ji.

Ka fara sanin cewa wannan inji ba shi da rumbun mai a ƙasa irin na mota. Man da ka gauraya a cikin fetur shi kaɗai ne ke jiƙa fistin da silinda da boris. Ranar da ka zuba masa zallar fetur, cikin 'yan mintoci fistin zai kama, an gama. Na taɓa ganin haka da idona a kwarin Majiya, muna sassabe dogon yaro, wani yaro ya ɗauki jarkar babur a madadin tamu. Injin bai yi wata biyu a hannunmu ba. Tun ranar nake ɗaura wa jarkar gauraye jan ƙyalle.

Awo shi ne 50 da 1. Lita 5 na fetur, mililita 100 na mai. Lita guda, mililita 20. Da sirinji ko kwalba mai lamba za ka auna, ban yarda da "kamar murfi biyu" ba. Mai kuma wanda aka rubuta 2T a jikinsa, na injin da iska ke sanyayawa, in da hali mai alamar JASO FD. Kar ka karɓi na injin jirgin ruwa ko da an ce maka daga Yamai ya zo kuma duk 2T ne, wancan ruwan kogi ke sanyaya shi, zafinsu ba ɗaya ba ne. Ka fara zuba man a jarka, ka bi shi da fetur kaɗan, ka girgiza, ka cika, ka sake girgizawa.

Batun ƙara mai don tausayi, a'a. In ya yi yawa hayaƙi za ka gani, buji ya yi baƙi, toka ta taru a kan fistin da bakin salansa, ƙarfi ya ragu. Waɗanda suka ƙera shi da wannan awon suka gwada shi.

Fetur ɗin ma daga gidan mai za ka sayo. Na san na kwalba a bakin titi ya fi kusa, amma ya wuni a rana, kuma ba ka san me ya shiga cikinsa ba. Kada ka haɗa fiye da abin da za mu ƙarar a wata guda, a zafin Tawa ma ni sati biyu nake so, jarkar kuma a inuwa. In za ka buɗe murfin tanki ka goge ƙurar gefensa tukuna, ka buɗe a hankali saboda iska na taruwa a ciki, kuma ka matsa kamar mita 3 daga inda ka zuba kafin ka ja igiya.

Rodaji kuwa a cikin itace ake yinsa. Zoben fistin sai ya ji nauyin aiki yake zama daidai a jikin silinda, barinsa yana gurnani a ƙasa ba ya koya masa komai sai tara baƙi. Abin da aka hana shi ne ka danna wuta har ƙarshe alhali sarƙa tana juyawa a iska. Kamfanin Stihl, mai ƙera irin wannan inji, ya ce a kiyaye wannan har tanki uku na farko su ƙare, kuma cikakken ƙarfin injin sai bayan tanki 5 zuwa 15 yake fitowa. Kamfanin Husqvarna, shi ma mai ƙera su, na cewa a sassauta masa a awa 10 na farko. Don haka in ka ji kamar bai kai tsohonmu ƙarfi ba, kar ka ɗauki sukundireba ka nufi kabireta. In ka rage masa fetur a wurin don ya yi kuka mai daɗi, ka rage masa mai ke nan. Hannuna kaɗai ke taɓa wurin.

Ka tayar, ka ba shi minti ɗaya ko biyu ya ɗumama, ka fara da rassan dogon yaro da turare. Busasshiyar ƙirya ta jira sati mai zuwa. In ka gama dogon yanka kar ka kashe nan take, bar shi ya ɗan yi gurnani, iska ta kwashe zafin.

Sabuwar sarƙa tana miƙewa da wuri, sai ka riƙa tsayawa kana dubawa: ta kwanta a jikin ƙarfenta ba ta lilo a ƙasa, kuma ka iya janta da hannu, inji a kashe, safa a hannunka. Da yamma ka sassauta ta, don in ta huce tana tsukewa, ta ja ƙarfen inji. Duk cikon fetur, ka cika tankin man sarƙa. Baƙin man da aka juye daga mota ba ya shiga injina, yana cin famfo. Ka nuna bakin injin ga kututture ka ba shi wuta kaɗan, in ka ga siririn layin mai, yana sha.

Ga hunturu ya shigo, matatar iska kullum za ka cire ka kakkaɓe. Gobe bayan asuba ka zo da jarkar da sirinji, kai za ka auna ina kallo, sannan mu biya wajen jami'an gandun daji mu karɓi takardar yanka.