Ciyawar tabar ta rufe min alkama, in ninka 2,4-D?

Tambaya: Assalamu alaikum bashmuhandis (babban injiniya). Ina da hawasha, wato gonar noman ban ruwa, a Jazira ta Sudan, na shuka alkama tun Nuwamba, yanzu ta fara ɗaukar ciki amma ciyayi masu faɗin ganye, tabar da moleita, sun rufe ta, wallahi ko barci ba na iya yi. Mai shagon magani ya ce in ninka maganin ciyawa 2,4-D in fesa, wai alkama ba ta jin shi. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Kar ka fesa, lokacin ya riga ya wuce.

Wannan zance na "alkama ba ta jin 2,4-D" kullum sai na ji shi, kuma yana ƙona min rai, don mai faɗarsa kuɗin jarkarsa kawai yake so, ranar girbi ba za ka gan shi ba. Alkama tana jure maganin nan ne a ɗan tsakani kaɗan, daga sanda ta gama yin 'ya'ya a gindi zuwa kafin kara ya fara gaɓa, shi kenan. In ka yi gaggawa tana ƙarama, ganye ya nannaɗe kamar na albasa, zangarniya ta fito a murɗe. In ka makara har ta ɗauki ciki irin taka ɗin nan, abin ya fi muni don ba ka ganin ɓarnar da ido, gona na nan shar, zangarniya a tsaye, sai Maris ya zo ka murza a tafin hannu ka hura ka ga ƙaiƙayi ya tashi, ƙwaya 'yar kaɗan. To ina ga an ninka? Wa ya ba shi wannan awon? Abin da aka rubuta a jikin jarka na kowane fadan (kimanin eka ɗaya) shi ne awo, ba bakin mai shago ba. Ga ciyawar ma ta tsufa, ta riga ta sha taki da ruwan da za ta sha.

Kuma iskar hunturun nan tana kwasar feshin ta kai gonar maƙwabci, tumatir da waken ful masri da auduga ɗan kaɗan ya ishe su su lanƙwashe, Allah zai tambaye ka haƙƙinsa. Masu wanke famfon feshi a abu ishirin, magudanar ruwan gona inda dabbobi ke sha, ku ji tsoron Allah.

Bana dai ka tara yara a cire da hannu kafin ta zubar da iri. Baɗi ka fesa da wuri, ciyawa na da ganye uku zuwa huɗu, alkama ta yi 'ya'ya a gindi, da safe iska a kwance. Adar da najila kuwa, ciyayi masu siririn ganye, 2,4-D ba ya taɓa su, maganinsu daban ne.