Injin wankin mota ya rage ƙarfi? Kar ka fara da kwance famfo

Ka ce injin yana tashi lafiya lau amma ruwan ba ƙarfi, wani lokaci ya harba wani lokaci ya yi sanyi, kana tambaya ko ka kwance famfon injin, wanda ke tura ruwan, ka duba. A'a yarona, ajiye sifana tukuna, famfo shi ne ƙarshen abin da ake taɓawa.

Fara da ruwan da ke shiga. Cire tiyon da ya taho daga tanki ka ga ko ruwa na zuba sosai, ko tiyon ya lanƙwashe a wani wuri. A daidai bakin shigar akwai 'yar rariya, zaro ta ka wanke, ka san ruwan rijiya da na bohol da muke aiki da shi nan Jos ba ya rabuwa da yashi, balle yanzu da rani da rijiya ta ja baya. Wannan harbawa da tsayawa da ka ce yana yi yawanci iska ce, ko dai tankin ya yi ƙasa ko wani kilif ya saki yana zuƙar iska. Kashe injin, buɗe ruwa, danne bindigar feshin har ruwa ya riƙa fita ba tofi, sannan ka tayar.

Sai nozul, wato ɗan kan da ke bakin bindiga inda ruwa ke fita. Ka riƙe wannan da kyau, famfo tura ruwa kawai yake yi, ƙanƙantar ramin nozul ce ke matse shi ya fito da ƙarfi. In yashi ya cinye ramin ya yi faɗi to ƙarfi ya tafi ko da famfon sabo ne dal, kuma da ido ba za ka gane ba, sai dai ka sa wani sabo ka gwada. Duba kalar ma, baƙin na sabulu ne dama can ba shi da ƙarfi, kore faɗin feshinsa digiri 25 ne, fari 40, su ne na jikin mota. Ja kuwa kar ka kusanta shi da fentin mutane don Allah, kuma kar ka taɓa sa hannu a gaba wai kana gwada ƙarfi, yana fasa fata.

In duk wannan lafiya, saurari injin. In kana danna bindiga yana shaƙewa to matsalar ba ta ruwa ba ce, duba filtar iska, ƙurar hunturun nan ba ta barin ta, sai fulogi da kabureta.

To daga nan ne ake zuwa kan famfo. Anloda, wato bawul ɗin nan mai sifirin da ke mayar da ruwa in ka saki bindiga, yana maƙalewa, kuma kar ka kama ɗaure shi har ƙarshe don neman ƙarfi, wahalar da injin kawai za ka yi. In ka ga ruwa na ɗiga ƙarƙashin famfo, ko man cikinsa ya koma fari kamar madara, sil, wato robar da ke hana yoyo, ya mutu. Abin da ke kashe shi kuwa shi nake ta faɗa maka kullum, barin inji yana aiki ba a danna bindiga, ruwan yana ta zagaye a ciki yana zafi har ya dafa robar, ko kuma tayar da shi ba ruwa. In za ka shafa sabulu ko ka amsa waya, kashe shi.

Ka bi su haka ɗaya bayan ɗaya ka faɗa min inda ka tsaya. In ya kai ga sil ko bawul kar ka buɗe kai kaɗai, jira ni mu buɗe tare ka ga yadda suke jere, sai mu ɗauki tsohon mu tafi da shi kasuwar kayan gyara ta Dilimi don a ba mu daidai irinsa.