Amsa ga mai neman wanda zai haɗa mata kicin da kuɗi ƙalilan a Legas

Assalamu alaikum. Ƙanwata, Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa a shiga a sa'a. Na karanta tambayarki a wannan zaure tun daren jiya, inda kika ce gininku na Ikorodu ya kai matakin kicin a daidai lokacin da kuɗin hannu ya ja baya, ga kuma farashi uku a gabanki: na wani kamfani mai shagon baje koli a Ikeja, na wata mai talla a Instagram wanda ya fi sauƙi, da na kafintan da abokin maigida ya kawo, wanda ya faɗi kuɗinsa da baki kawai. Kin tambaya wanne za ki ɗauka. Sau biyu na yi wannan hidima a Legas, ta farko a gidan haya a Idi-Araba, ta biyu a gidanmu na Agege, kuma ta farkon ce ta koya mini abin da zan faɗa miki.

Kicin ɗina na farko ya yi kyau ƙwarai ranar da aka gama shi, har maƙwabta suna shigowa kallo. Damina ɗaya ya yi. Wata safiya na buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke zan ɗauko sabulu, sai na ga bokitin da ke ciki ya karkace gefe guda, domin katakon ƙasan ya lotsa. Na sa yatsa na danna, sai ya nutse kamar burodin da aka tsoma a shayi, ya fito da garin katako baƙi ƙirin mai warin fumfuna, kyankyasai kuma suka watse ta ko'ina. Ashe ɗan ɗigon ruwa ne daga mahaɗin bututu, wanda ko cokali ba zai cika a yini ba, ya yi watanni yana sauka a bakin katakon da ba a rufe ba. Da na kira kafintan ya ce, “Hajiya, ai ruwa ne, ba aikina ba ne.” Da na ce masa kuɗin katako mai ƙarfi da ake kira HDF na biya, wannan kuwa garin katako ne da aka matse, sai ya ce shi bai tuna mun yi haka ba. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren, domin babu ko layi ɗaya a rubuce tsakaninmu.

Mu da muka taso a Arewa muna yawan mantawa cewa Legas ba Kano ba ce. A can, in katako ya jiƙe, iska za ta busar da shi kafin yamma, abin tsoron ma shi ne tsagewa lokacin hunturu. A nan kuwa ruwa yana farawa gadan-gadan tun wajen Afrilu, ya tsananta a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, kuma ko ba a ruwa iskar kanta jiƙe take. Ku da kuke Ikorodu a bakin ruwa kun fi mu sanin yadda takalmi ke yin fumfuna a cikin kabad. Saboda haka tambayar farko da za ki yi wa kowanne daga cikin ukun ba ta kuɗi ba ce, ita ce: da wane katako za a yi jikin kabad ɗin, kuma kaurinsa nawa?

Katakon da ake haɗa irin wannan kicin yana zuwa ne falle-falle, ƙafa 8 a tsaye, ƙafa 4 a kwance, kaurin da ya dace da jikin kabad kuma milimita 18 ne. Mafi araha shi ne na ɓarɓashin katako da aka cakuɗa da gam aka matse, wanda in kika dubi bakinsa za ki ga gutsattsari kamar dusa; wannan shi ne ya cuce ni. Sama da shi akwai MDF, wanda aka niƙa katakonsa ya yi laushi, fuskarsa sumul, yana karɓar fenti da kyau, amma shi ma in ruwa ya shige shi kumbura yake ba ya komawa. HDF ɗan'uwansa ne da aka fi matsewa, ya fi nauyi da juriya. Sai filawud mai jure ruwa, wanda 'yan kasuwa ke kira marin bod, shi kuma siraran katako ne aka jera hawa-hawa da gam ɗin da ruwa ba ya narkarwa, kuma ya fi su tsada. Duk an lulluɓe fuskokinsu da fari ko ruwan ƙasa mai sheƙi, don haka daga waje ba za ki bambance su ba. A baki ake gane su, inda aka yanka. Wasu za su nuna miki katako mai koren ciki su ce mai hana ruwa ne. Koren launi ne da masana'anta ke sawa don alama, kuma ko na ainihin danshi yake jurewa, ba kwanciyar ruwa ba.

Mai ƙaramin kuɗi ba ta buƙatar marin bod a kicin gaba ɗaya. Abin da na yi a Agege shi ne, kabad ɗin wurin wanke-wanke da biyun da ke maƙwabtaka da shi aka yi su da marin bod, sauran na ƙasa da HDF, na sama kuma da abin da ya fi sauƙi, tunda ruwa ba ya kai musu. Na kuma dage a ɗora na ƙasan a kan ƙafafun roba masu tsayin kamar santimita 10, don kada katako ya taɓa tayil ranar da aka kwarara ruwa ana wanke ƙasa, wanda a gidan mai yara kusan kullum ne. Wasu suna sa magini ya yi ɗan dandamalin siminti, shi ma ya yi.

Game da mutanenki uku, ba zan ce ki ɗauki wane ba tun kafin ki gwada su, amma gwajin ba shi da wuya. Ki ce kowa ya rubuto miki farashinsa dalla-dalla: nau'in katako da kaurinsa da adadin fallayen, irin hinji, wato ƙarfen da ke riƙe ƙofar kabad, da sunan kamfaninsa, irin ƙarfen da durowa ke gudu a kai, dutsen saman teburi da tsawonsa, kuɗin mota, kuɗin aiki, da ranar gamawa. Yawanci a nan ne farashi mai sauƙi yake tona kansa, domin za ki tarar babu dutsen sama a ciki, ko babu wurin wanke-wanke da famfonsa, ko kuma an rubuta “katako mai inganci” ba tare da suna ba. Wanda ya ji haushi don an ce ya rubuta, ya riga ya ba ki amsa. Bayan haka ki nemi kowa ya kai ki ki ga aikin da ya yi wanda ya ci damina biyu, ba hoto ba, ba kuma wanda aka gama makon jiya ba. In kin je, ki gaisa da matar gidan, ki nemi izini ki durƙusa ki buɗe ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ki shafa bakin katako, ki shinshina, ki ja durowar cokula har ƙarshe ki ji ko tana tsalle, ki duba ko ƙofofin suna haɗuwa daidai ko ɗaya ta sunkuya. Gani ya kori ji. Matan gida ba sa ɓoye irin wannan magana. Wadda na ziyarta a Ogba, kafin na zauna ma ta gaya mini cewa mutumin aikinsa yana da kyau amma sai an bi shi da waya kamar mai bin bashi, kuma haka na same shi.

Kamfanin Ikeja yana da abin da sauran ba su da shi, wato adireshin da za ki koma in abu ya lalace, da na'urar yanka katako da manna masa siririn abin rufe baki, amma ki sani cewa kuɗin hayar shagon da na'urar sanyaya ɗakin da kika zauna a ciki duk suna cikin farashinki. Ki tambaye su ko za su yi miki jikin kabad mai kyau da ƙofofi marasa ado, domin ƙofa mai sheƙi da fitilun ƙarƙashin kabad da kwandunan da ke juyawa a lungu su ne ke kumbura lissafi, kuma duk ana iya ƙara su bayan shekara. Mai tallar Instagram kuwa, ba na ce duk macuta ne ba, akwai masu aiki na gaskiya, sai dai da yawansu dillalai ne: su karɓi aiki su miƙa wa kafinta, su ɗora ribarsu, hotunan kuma ba lallai nasu ba ne. Ki ce za ki zo inda ake yanka katakon. In akwai wurin, za a ba ki kwatance nan take; in aka fara cewa ana gyaran wurin ko oga ya yi tafiya, ki riƙe kuɗinki. Araha ba ta ado.

Kafintan da aka kawo ta hannun abokin maigida shi ne mai yiwuwa ya fi dacewa da aljihunki, kuma shi ne ya fi haɗari ta wata fuska, saboda kunya. In aikin ya ɓaci, maigida ba zai so ya ɓata da abokinsa ba, ke kuma ke ce za ki zauna da ƙofar da ba ta rufuwa. Hanyar da na bi, wadda ta rage mini kuɗi sosai, ita ce na raba kaya da aiki. Kafinta ya auna, ya fitar da lissafin fallaye, muka tafi tare da shi da ƙanin maigidana kasuwar katako ta Mushin, na biya da hannuna na karɓi rasit, aka yanka a wurin masu na'ura aka manna bakin da inji. Wannan mannin baki kada ki raina shi, domin ta nan ruwa ke shiga. Wanda aka manna da gam da hannu yana ɓallewa cikin 'yan watanni, musamman kusa da murhu. Ki ce a rufe dukkan bakuna huɗu na katakon da ke kusa da ruwa, har waɗanda ido ba ya gani. Amma fa sai kafintan ya iya awo, domin in aka yanka ba daidai ba asarar taki ce. Shi ya sa ganin tsohon aikinsa ya zama dole.

Hinji ƙaramin abu ne da ake buɗewa sau da yawa a yini, kuma iskar Legas tana sa na banza tsatsa. Blum da Hettich sunaye ne sanannu masu ƙarko, sai dai jabunsu ya cika kasuwa, don haka in aka ba ki su a farashin da ya yi daɗi da yawa, ki yi shakka. In kuɗi bai kai ba, ki sa masu kyau a ƙofofi huɗu ko biyar da aka fi buɗewa. Dutsen sama kuwa, giranit ya fi mabul dacewa da girkinmu, domin mabul yana cin tabo da lemon tsami da tumatir, manja kuma in ya zauna a kan farin dutse sai Allah. Mai duhu ko mai ɗigo-ɗigo ya fi rufa asiri. A kasuwar kayan gini ta Odunade da ke Orile Coker na sayi wurin wanke-wanke da famfo, kuma na ga bambanci da farashin da aka rubuto mini.

Akwai abin da mai zanen kamfani ba zai tuna ba sai kin faɗa masa, wato kicin ɗin Bahaushiya ba irin na hoto ba ne. Awon da aka saba shi ne tsayin teburi kamar santimita 90, zurfinsa 60, kuma wannan ya yi daidai da yanka albasa, amma tuƙa tuwon gida guda a babbar tukunya a kan wannan tsayi wahala ce ga kafaɗa. Ni na bar fili a gefe inda nake ajiye ƙaramin murhu a ƙasa-ƙasa. Ki auna babbar tukunyarki ta suna da biki, ki auna turmi, ki tuna buhun shinkafa mai kilo 50 da jarkar man gyaɗa, ki ce a bar musu wuri ba tare da katakon da ke raba kabad a tsakiya ba. Tukunyar gas mai kilo 12.5 gara ta zauna a waje a jawo bututu. In dole sai ciki, to kada a kulle ta a kabad marar huji. Firji da firiza a saya ko a san girmansu kafin awo. Haka kuma mai aikin famfo da mai wayarin su gama nasu, a buɗe ruwa a bar shi kwana biyu a ga babu ɗigo, kafin a kafa katako ko ɗaya, sannan a bi mahaɗin dutse da bango da gam ɗin silikon mai hana ruwa shiga.

Ba zan kawo adadin da na kashe ba, domin na yi nawa kafin cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, kuma yawancin katakon nan da hinjin daga waje ake shigo da su, farashin jiya ba ya aiki yau. Saboda wannan ne ma za ki ce a rubuta kwanakin da farashin zai tsaya a kansu. Wajen biya, kada kafin alƙalami ya wuce kuɗin kaya, kuma in ke kika sayi kayan, to kaɗan ya isa. Ki raba kuɗin aiki uku: kashi ɗaya a farko, ɗaya ranar da kabad suka iso gida, na ƙarshe bayan mako guda kina amfani da kicin ɗin, lokacin da ƙofofi suka zauna aka dawo aka daidaita su. Ki tura ta banki da bayanin abin da aka biya, kada ki miƙa a hannu. Ki kuma tambaya tun yanzu wa zai biya motar da za ta kawo kaya har Ikorodu da masu saukewa, da 'yan unguwar da kan tsaya a bakin sabon gini suna neman nasu, domin ni a ranar sai da na fitar da kuɗin cefane na sallame su, direba yana ta danna ham a ƙofar gida.

In kin karɓi rubutattun farashin uku, ki rufe sunaye da lambobin waya ki ɗora su a nan mu duba tare, akwai masu sana'ar a cikinmu da za su gane adadin fallayen da aka rubuta ya yi daidai da girman ɗakin ko an ƙara. Ki haɗo da tsawon kowane bango da inda taga da famfo suke.