Amsa ga mai tambaya kan ƙananan gidajen abinci na Italiya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce za ka zo karatu Bolonya a watan Satumba, kana tambaya ko Musulmi zai iya zama ya ci abinci hankali kwance a ƙananan gidajen abincin da iyali ɗaya ke gudanarwa, ko kuwa dole ya tsaya ga shagon kebab. Shekarata shida a garin nan, kuma amsata ita ce zai iya, har na fi amincewa da irin waɗannan wurare a kan manyan gidajen da ke jiran 'yan yawon buɗe ido a tsakiyar gari. A trattoria, kamar yadda suke kiran irin wannan gida, mai girkin tana nan bayan ƙofa, sau da yawa uwa ce ko kakar yaron da ya kawo maka takardar abinci, saboda haka tambayarka tana isa kunnen mai riƙe da ludayi.

Sai dai fa ka iya tambayar. A watannina na farko nakan ce "senza maiale", wato ban da alade, in ɗauka na gama magana. Ashe a wajen da yawansu maiale ita ce tsokar da ido ke gani a faranti, kitsen da aka soya albasa da shi bai shiga lissafi ba. Wata rana na nemi pasta e fagioli, taliya da wake cikin romo, ina ganin wake ba abin tsoro ba ne, ina cikin ci sai cokali ya ɗauko guntun fata mai laushi. Da na nuna wa yaron, tsohuwar ta fito da kanta tana goge hannu a jikin rigar girkinta, ta ce cotenna ce, fatar alade da ake jefawa don ɗanɗano, kuma har ga Allah ba ta ɗauke ta nama ba. Ta ɗauke farantin, ta ƙi karɓar kuɗinsa, ta kawo mini tortelloni, wato taliyar da ake cusa wa abu a ciki, mai cuku da ganye da man shanu. Raina ya ɓaci a ranar, amma ban ga ha'inci a fuskarta ba, kuma har yanzu can nake zuwa.

Tun daga nan nake kiran kayan aladen da sunansu ɗaya bayan ɗaya: pancetta, guanciale, prosciutto, mortadella, lardo, sai kuma strutto, narkakken kitsen alade, wanda ya fi duka ɓoyewa. Ka sani cewa Italiyawa da kansu suna yi wa Bolonya kirari da "la grassa", mai kitse. Miyar ragù da garin ya yi suna da ita, a rubutaccen tsarin da aka ajiye a Majalisar Kasuwanci ta Bolonya a 1982, akwai pancetta da giya a cikinta. Ƙananan tortellini da naman alade ake cusa su, don haka kada kamannin suna ya sa ka haɗa su da tortelloni. Taliyar carbonara da ta amatriciana kuwa, da guanciale ake yin su. Hatta burodin da ake ajiye maka a kwando, da piadina da tigelle, waɗanda nau'in gurasa ne, sau da yawa da strutto aka kwaɓa su, ko da yake wasu gidajen man zaitun suke sawa. Giya kuma takan shiga risotto, wato girkin shinkafarsu, da wasu girke-girken kifi, wani lokaci har da kayan zaƙin da ake kira tiramisù. Kada ka dogara da jerin abubuwa 14 masu tayar da borin jini da dokar Tarayyar Turai ta wajabta a sanar, domin alade ba ya cikinsu.

Batun naman sa da kaza da ba yankan Musulmi ba, malamai sun yi saɓani, ka tuntuɓi malaminka tun kana gida. Ni dai na tsaya ga gasasshen kifi, da taliya da miyar tumatir, da parmigiana ta yalo, da pizza margherita, kuma ban taɓa tashi da yunwa ba.

Sauran al'adun masu sauƙi ne. Abincin rana daga wajen 12:30 zuwa 2:30 ne, daga nan a rufe kicin sai 7:30 na yamma, kuma yawancinsu suna da ranar hutu ɗaya a mako. Za ka ga coperto a takardar kuɗi, kamar yuro biyu ko uku a kan kowane mutum. Kuɗin zama ne da burodi, ba cuta ba ce. Ba dole ka ci primo (farantin farko, kamar taliya) da secondo (farantin nama ko kifi) duka ba, kuma ba za a kawo maka lissafi ba sai ka ce "il conto".

Zuwanka na farko ka sa shi a tsakiyar mako, da zarar sun buɗe, lokacin da mai girkin take da sukunin sauraronka. Ka rubuta sunayen nan a takarda ka miƙa wa yaron ya kai mata ciki. A gidan da na ambata, yanzu kafin in zauna an ɗauke kwandon burodin an canza mini da wanda aka yi da man zaitun.