Kumbo, Mutum-mutumi da Ɗan Sama Jannati: Amsoshin Tambayoyinku

Wata ɗaliba 'yar aji biyar a sakandare, daga wani ƙauye a ƙasar Kafin Hausa, ta aiko da tambaya. Ta ce: "Malam, me ya sa ake kiran jirgin da ke zuwa duniyar wata kumbo? Kuma kakata ta hana ni cewa ɗan sama jannati, wai saɓo ne, tunda jannati Aljanna ce. Haka ne?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ki gaida kaka. Kumbo tsohuwar kalmar gida ce, mazubin abinci ne mai faɗin gindi, tun ana yin sa da ƙwarya har aka koma na ƙarfe. A shekarar 1969, da labari ya cika rediyo cewa Neil Armstrong da Buzz Aldrin sun taka wata a ranar 20 ga Yuli, sai Bahaushe ya buƙaci suna. Abin da mutanen suka dawo a cikinsa ba shi da fiffike balle a ce jirgi. Ɗan ƙaramin mazubi ne mai faɗin ƙasa da tsukakken sama, mutum uku a matse a ciki, ya faɗo cikin teku da laima. A fahimtata siffar nan ce ta jawo masa sunan, kuma wanda ya fara raɗa shi ya iya Hausa. Tafiyar ta bar mana wata kalmar ma. Ciwon idon nan mai ja da kwantsa da muke kira apolo ya ɓarke ne a Ghana a wannan shekara ta 1969, mutane suka laƙaba masa sunan kumbon, wato Apolo, ya bi Afirka ta Yamma da shi har yau.

Maganar kaka kuwa tana da tushe. Jannati daga Larabci take, janna ita ce lambu, kuma da ita ake kiran Aljanna. Sai dai a bakin Bahaushe "sama jannati" ta zama hanyar kambama nisa, wato can ƙololuwa inda ido ba ya kai wa, ba wanda ke nufin gidan rahama. Ki gaya mata tashar da waɗannan mutane ke zama a cikinta tun watan Nuwamba na 2000 tana sama da mu da kimanin kilomita 400 ne kawai, kusan nisan Kano zuwa Abuja. Duniyar wata kuma kilomita 384,000. Duk wannan bai wuce bakin ƙofa ba a girman halittar Ubangiji. Musulmi ma sun je. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je a 1985, wani likita ɗan Malesiya ya je a 2007 cikin azumi, har malaman ƙasarsu suka rubuta masa bayanin alƙibla da lokutan salla, domin tashar tana zagaya duniya sau 16 a kwana guda. In har yanzu zuciyar kaka ba ta kwanta ba, ki ce matafiyin sararin samaniya a gabanta. Hausa ce mai kyau, kuma kin girmama ta.

Tambaya ta biyu ita ta fi cin lokacina. Wani dattijo manomin shinkafa daga wajen Auyo ya sa ɗansa ya rubuto: "Na ji a rediyo an aika mutum-mutumi duniyar Mars. Ni dai mutum-mutumin da na sani shi ne wanda nake kafawa a fadama saboda janbaki. Sannan iyayenmu sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. To me ya hana su zuwa da kansu?"

Baba, Allah ya ƙara lafiya, naka shi ne na asali. Hausa takan ninka kalma don ta nuna kama ba ainihi ba: fari-fari, ruwa-ruwa, gishiri-gishiri. Mutum-mutumi ke nan, ko butum-butumi a bakin wasu, abu mai kama da mutum amma ba shi ba. Na tsaya a irin gonarka lokacin da shinkafa ta fara nuna, na ga sanda biyu a gicciye, an zura musu yagaggiyar riga, an kifa tsohuwar malafa, an rataya gwangwanaye a igiya. Kwana biyu na farko janbaki na kaucewa. Kafin mako ya zagayo sai ka gan su a kan malafar, dole a tura yara da majajjawa tun asuba. Tsuntsu ma ya gane wanda zai iya sauya dabara da wanda ba zai iya ba.

Wanda aka aika Mars bai yi kama da mutum ko kaɗan ba. Ƙafa shida gare shi, da dogon wuya mai kyamara, da hannu guda na haƙa dutse, ya fi kama da amalanke. Kalmar ta tashi daga kama ta siffa ta koma kama ta aiki, kuma irin wannan tafiya halal ce a harshe.

Yanzu ga karin maganar. Ina ake faɗinta? A gaisuwar mutuwa, a biko, a bin bashi. Dalilinta shi ne ɗan aike abin da aka ba shi kawai yake kaiwa. In aka yi masa tambayar da ba a shirya masa amsarta ba, sai ya koma ya tambayo. Wannan ita ce matsalar mutum-mutumin Mars daidai. Umarni daga nan yakan ɗauki tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, gwargwadon nisan duniyoyin biyu a lokacin, amsa ma haka. Shi ya sa wani mai suna Opportunity, wanda ya sauka a Janairun 2004, ya shafe shekara 14 kafin ya yi tafiyar kilomita 45. Mutum biyu na kumbon Apolo 17 kuwa, a Disambar 1972, sun yi kimanin kilomita 35 da motarsu cikin kwana uku, ɗayansu masanin duwatsu ne da yake gani ya tsaya ya zaɓa da idonsa. Mutum 12 da suka taka wata sun kawo kilo 382 na dutse da ƙasa. Na'urar Tarayyar Sobiyet mai suna Luna 16 ta je ita kaɗai a 1970, ta dawo da giram 101, bai cika tafin hannu biyu ba. Haka babban madubin hangen taurari na Hubble, da aka harba a 1990 aka tarar gilashinsa na da aibi. Mutane ne suka hau a Disambar 1993 suka gyara da hannu. A nan iyayenmu sun yi gaskiya, babu ja.

Amma Baba, dubi abin da zuwa da kai ke ci. Mutum sai an ɗaukar masa iska da ruwa da abinci da makewayi, a kare shi daga zafin rana da tururinta mai cutarwa, sannan uwa uba a dawo da shi. Shirin Apolo ya ci wa Amurka kimanin dala biliyan 25 a kuɗin wancan zamani. Tashar sararin samaniya ta ci fiye da dala biliyan 100. Indiya kuwa ta kai na'urarta ta zagaya Mars a 2014 da kimanin dala miliyan 74. Kuɗi ma da sauƙi. Mutum uku sun ƙone a cikin kumbo wajen gwaji a 1967. Bakwai sun mutu a 1986 da kumbon Challenger ya tarwatse jim kaɗan bayan tashi, cikinsu har da malamar makaranta. Wasu bakwai sun tafi a 2003 cikin Columbia suna hanyar dawowa. Kowannensu yana da uwa, da yawansu sun bar marayu. Opportunity kuwa guguwar ƙura ce ta rufe masa faifan sola a Yunin 2018, kamar yadda hazon hunturu ke dushe na rufin masallacinku, ya yi shiru. An yi shi ne don aikin kwana 90. Waɗanda suka ƙera shi sun ji zafi, amma ba gidan da aka shimfiɗa tabarmar makoki. Akwai kuma inda ɗan'adam ba zai taɓa zuwa ya dawo ba. Kumbon Voyager 1, wanda ba kowa a cikinsa, ya bar duniya tun 1977, ya wuce kilomita biliyan 24, saƙonsa na ɗaukar fiye da awa 22 a hanya.

Karin magana ba ta tafiya ita kaɗai, al'ada na riƙe da hannunta. Bahaushen da ya ce zuwa da kai ya fi saƙo, shi ne kuma ba ya zuwa neman aurensa da kansa, manya yake turawa. Kai ma in kogin Haɗejiya ya kawo, ba ka jefa ƙafa sai ka zura gora ka ji zurfi. Haka aka yi da wata. Tun 1966 Amurka ta riƙa saukar da na'urorin Surveyor don a tabbatar ƙasar za ta ɗauki nauyin kumbo, sannan mutum ya bi. Haka ake yi yanzu. A shirin Artemis na komawa wata, kumbon farko ya je ya zagayo a 2022 ba kowa a ciki. Sin ta ɗebo ƙasa daga bayan wata da na'ura a 2024, tana kuma cewa za ta kai mutanenta kafin 2030. Ra'ayina, komawa wata abu ne mai yiwuwa kuma mai amfani, tafiyar kwana uku ce. Mars kuwa wata bakwai ne zuwa kawai, ba asibiti, ba mai kawo ɗauki. Ban ga hujjar gaggawar jefa rai a wannan hanya ba alhali ɗan aike na can yana aiki, ko da a hankali yake yi.

Na ukun malamin firamare ne daga ƙasar Rano. Ya ce: "A karin maganar gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa, wace dawa ce? Kuma ba ta hau kan Nijeriya ba, da take kashe kuɗi a taurarin ɗan'adam?"

Malam, dawa ce ta daji, mai gajeren wasali, ba ta tuwo mai jan "a" ba. A rubutu ɗaya suke, kunne ke raba su. Ana faɗinta ga mai yi wa na waje alheri iyalinsa na kwana da yunwa.

Ko ta hau kanmu? In aka ce a kwashe kuɗin rijiyoyi da asibitoci don a ɗora ɗan Nijeriya a kumbo ya ɗaga tuta, ni ne farkon wanda zai faɗe ta. Tauraron ɗan'adam kuwa aikin gida yake yi. An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa a 1999, aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumbar 2003 don ɗaukar hoton ƙasa. Na sadarwa, NigComSat-1, ya tashi daga Sin a 2007, ya lalace a 2008 saboda matsalar wutar sola, aka maye gurbinsa a Disambar 2011. An yi asara, ba a ɓoye ba. Amma hasashen damina da kake ji a rediyo, da sanin inda hadari ya taso, da taswirar da ke cikin wayarka, duk da irin waɗannan taurari ake yin su, namu da na wasu ƙasashe. Daga sama ana ganin inda ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa a fadamun Haɗejiya, ana ganin yadda madatsun Tiga da Challawa suka cika. Abin da ke ci mini rai shi ne tazarar da ke tsakanin wannan hoto da kunnen manomi. A ambaliyar 2022 na ga mutane a Jigawa suna kwance rufin ɗaki cikin ruwa har ƙugu, buhunan gero a kan amalanke sun jiƙe sun fara tsiro. Gargaɗin da bai iso da Hausa ba, a kan lokaci, ta bakin mai unguwa ko limami, bai iso ba.

Tunda kana da aji a hannunka, ga abin da za ka yi. Kalmar tauraron ɗan'adam fassara ce mai kyau ƙwarai, kuma yara za su iya ganin ma'anarta da idonsu. Ka tara su a filin makaranta bayan magariba, a daren da ba hazo. Ka nuna musu Zara in ta fito a yamma, tana tsaye ba ta motsi, da Kaza da 'Ya'yanta in lokacinsu ne. Sannan su jira. Za su ga wani ɗigon haske na tafiya a miƙe, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgi, ba ya da ƙara, ya ratsa sama cikin 'yan mintoci ya ɓace. In ya yi haske sosai har ya kusa kamo Zara, to tashar nan ce da na gaya wa 'yar Kafin Hausa, kuma akwai mutane a cikinta a daidai lokacin.