Tambaya da Amsa: Hajiya na son fayil ɗin tambarinta, in ba ta ko in hana?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni mai zanen talla ne a kwamfuta nan Maradi. Akwai wata Hajiya mai gidan motsa jiki na mata zalla, har da rawar motsa jiki suke yi, tun ranar da ta buɗe ni ke yi mata komai, tambari, afish (takardar talla), rigunan ɗalibai, hotunan da take ɗorawa a WhatsApp, amma har yau farashin farko take biya na, ga shi yanzu ta ce in tura mata asalin fayil ɗin tambarin wai za ta buga alluna a Kano. Ina tsoron in na ba ta ta koma wajen wani. Yaya zan yi?

Mai zane, unguwar Zariya, Maradi

AMSA

Wa'alaikumussalam ƙanena. Ka ba ta, amma ku zauna tukuna.

Ba fayil ne ya riƙe Hajiya wajenka ba. Yau yaro mai waya da manhajar zane ta Canva zai kwaikwayi tambarin nan kafin la'asar. Abin da ya riƙe ta amana ce. Gidan motsa jiki na mata a Maradi ba shagon atamfa ba ne, hoto guda ya fita ba daidai ba sai miji ya hana matarsa zuwa, uba ya hana ƴarsa, magana ta zagaye unguwa, kai kuma ka riga ka san abin da ake sawa a afish da abin da ba a sawa, ka san inda za ka sa zanen inuwa maimakon fuskar mutum, kuma hotunan da suka bi ta hannunka ba a taɓa ganinsu a waje ba. Wallahi wannan ya fi tambarin tsada, kuma Hajiya ta sani. Af, tunda mun zo nan, duk hoton ɗaliba da aikinsa ya ƙare ka goge shi daga waya da kile ɗinka na USB, kar ka ajiye don nuna wa wasu masu kawo maka aiki.

Sai maganar kuɗi. Kunya ce ta hana ka ƙari, na gane, irin tamu ce. Amma data ta ƙara tsada, kwamfuta na son gyara, kai ma hannunka ya fi na da. Ka je ka same ta da kanka, ba saƙon murya ba, ka ce Hajiya ina so mu mai da aikin nan na wata-wata, afish kaza, gyara sau kaza, abin da ya wuce haka lissafinsa daban. Ku rubuta ko a takarda ɗaya ce, kowa ya sa hannu. Babban aiki kuma a ba da avans, wato wani abu daga kuɗin kafin a fara.

A cikin takardar ku faɗi cewa tambarin ya zama nata bayan ta biya kuɗin fayil, kai kuma kana da izinin nuna shi cikin ayyukanka. In tana so sunan gidan ya samu kariya ta doka, rajistar alamar kasuwanci ta hanyar OAPI ake yi, wato ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka, hedkwatarta na Yawunde, Nijar mamba ce tun yarjejeniyar Bangi ta 1977, rajistar na shekara 10 ana sabuntawa. Haƙƙin mai zane kuwa BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar da ke Yamai, ke kula da shi.

Ranar turawa kar ka ba ta hoton PNG ɗin da ya bi ta WhatsApp, a babban allo fashewa zai yi. Ka fitar da PDF ko fayil ɗin manhajar zane ta CorelDRAW, launi a CMYK (tsarin launin injin bugawa), haruffan kuma ka mai da su zane don kar su sauya a kwamfutar masu bugawa. Ka karɓi lambar mai buga allon a Kano, ya turo maka gwaji ka duba launin kafin su buga duka.